Wai akwai maganin da ke gyara ƙwaƙwalwar da ta rasa iska?

Idan aka haifi jariri bai yi kuka ba, aka ruga da shi ɗakin jarirai, bayan kwana ɗaya ko biyu likita ya kira baban gefe ya ce masa yaron nan ya sha wahala wajen haihuwa kuma da alama ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, kusan kullum magana ɗaya ce take fitowa daga bakin uban: "Ranka ya daɗe, ba wata allura da za a yi masa? Ko nawa ce a rubuta mu nemo." Haka dangin wanda zuciyarsa ta tsaya aka samu ta dawo amma shi bai farka ba, haka dangin waɗanda aka ɓalle ƙofa aka fito da su daga ɗakin da hayaƙin janareta ya cika. Tambaya ce da ta cancanci a amsa ta ba kwana-kwana. Har yau ɗin nan babu wani magani, ƙwaya ko allura ko na ruwa, da aka tabbatar yana dawo da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da rashin iska ya kashe, babu shi a Kano, babu shi a Landan. Amma fa ba wai an ce a naɗe hannu ba ne. Akwai magunguna masu amfani sosai, sai dai aikinsu daban yake da abin da mutane ke zato, kuma rashin gane wannan bambancin yana cinye kuɗin talakawa ba kaɗan ba.

Sai an fara sanin yadda ɓarnar take faruwa kafin a gane me ya sa maganin ya gagara. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikin babban mutum ba, amma ita kaɗai take shanye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da ajiya, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Shi ya sa in jini ya daina zuwa mata cikin daƙiƙa 10 ko makamancin haka mutum ya sume, in aka kai minti 4 zuwa 5 ƙwayoyinta sun fara mutuwa. Kowace ƙwaya tana da wasu 'yan famfuna a jikin bangonta masu fitar da gishiri waje, kuma ƙarfin da suke aiki da shi daga oksijin da suga ake samar da shi, to da zarar ƙarfin ya yanke famfunan sun tsaya, gishiri da ruwa su kwararo ciki ƙwayar ta kumbura, sannan wani sinadari da ake kira gulutamet wanda a da can aikinsa isar da saƙo ne tsakanin ƙwaya da ƙwaya sai ya malalo fiye da kima, ya buɗe ƙofofi kalsiyam ya cika ƙwayar ya tayar da abubuwan da ke narkar da ita daga ciki.

Abin da ya fi ba masu bincike mamaki shi ne ɓarnar ba ta tsayawa don iska ta dawo. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta aka dawo da ita da ƙarfi ta ƙona masa firji ya san cewa wani lokacin dawowar ce take yin ta'adin, to haka oksijin yake yi in ya dawo cikin ƙwayoyin da suka riga suka galabaita, ya haifar da wasu sinadarai masu guba, kumburi ya biyo baya. A jarirai an ga abin a fili: bayan an farfaɗo da yaro akwai wani ɗan lokaci kamar awa 6 da ƙwaƙwalwar take yi kamar ta murmure, daga nan sai zagaye na biyu ya taso, wanda zai iya ɗaukar kwana biyu zuwa uku ana asarar ƙwayoyi, kuma a lokacin ne yawanci jijjiga take farawa. Wannan tazarar ta awa 6 ita ce duk wani mai neman magani yake hari. Waɗanda suka mutu a zagayen farko sun tafi, rigimar a kan waɗanda suka rage ce.

Abu ɗaya da aka tabbatar yana rage zagaye na biyun a jarirai, ba ma magani ba ne, sanyaya jiki ne. Ana kwantar da jaririn a kan wata katifa mai zagaya ruwa, na'ura tana riƙe zafin jikinsa a digiri 33.5 maimakon 37, har tsawon awa 72, kuma dole a fara kafin ya cika awa 6 da haihuwa, bayan nan a riƙa ɗumama shi sannu a hankali. Manyan gwaje-gwajen da aka wallafa a 2005, da na TOBY da aka yi a Ingila aka fitar a 2009, sun nuna cewa a cikin jarirai kamar 7 da aka sanyaya ana kuɓutar da ɗaya daga mutuwa ko naƙasa mai tsanani. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ku lura, ɗaya cikin bakwai ne.

Nan ne kuma maganar ta zo kusa da gida. Duk waɗancan gwaje-gwajen a ƙasashe masu arziki aka yi su. Da aka maimaita a manyan asibitocin Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, a gwajin HELIX da Farfesa Sudhin Thayyil ya jagoranta aka fitar da sakamakonsa a 2021, jarirai 408 aka saka, kuma abin da ya fito ya girgiza likitocin yara: cikin waɗanda aka sanyaya kashi 42 cikin 100 suka rasu, cikin waɗanda ba a sanyaya ba kashi 31. Wato sanyayawar ba ta taimaka ba, mutuwa ma ta ƙara. Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne da yawa cikin yaran ɓarnar ta fara musu tun suna ciki, tun cikin doguwar naƙuda, wasu a wani wuri aka haife su aka kawo su, wasu sun iso suna jijjiga, ga ƙarancin nauyi, saboda haka awa 6 ɗin da ake lissafawa daga haihuwa ta riga ta ƙare tun kafin su fito duniya. Har yanzu ana muhawara a kai, akwai likitoci a Indiya da Afirka ta Kudu da ke ganin sanyayawar tana amfani in an zaɓi jaririn da ya dace kuma akwai kayan kula da shi. Amma duk wanda ya san yadda mace take kwana biyu tana naƙuda a ƙauye kafin a samo mota ya san yaranmu sun fi kama da na HELIX fiye da na TOBY. Kuma don Allah kada wani ya ji wannan ya jera wa jariri ƙanƙara ko ledar ruwan sanyi a gida, sanyin da ba na'urar da ke auna shi kashe jarirai yake yi.

To magungunan fa? An gwada, wallahi an gwada da yawa. Wanda aka fi sa rai da shi shi ne iritirofoyitin, da likitoci ke taƙaitawa EPO, sinadarin da ƙoda ke samarwa don a ƙera jini, wanda masu wankin ƙoda suka sani don ana yi musu allurarsa. A ɓeraye da 'ya'yan tumaki ya kare ƙwaƙwalwa sosai, ƙananan gwaje-gwaje a jarirai ma sun ba da fata. Sai aka yi babban gwaji a Amurka mai suna HEAL, Dakta Yvonne Wu ta jagoranta, jarirai 500, dukkansu an sanyaya su, rabi aka ƙara musu EPO rabi aka ba su ruwan gishiri kawai. Sakamakon ya fito a 2022: mutuwa ko naƙasa kashi 52.5 a masu EPO, kashi 49.5 a waɗanda ba su samu ba, ga kuma matsaloli masu tsanani sun ɗan fi yawa a ɓangaren masu maganin. Saura tambaya ɗaya da ta shafe mu kai tsaye, shin EPO shi kaɗai zai yi amfani a inda ba a sanyayawa, kuma an shirya babban gwaji a kudancin Asiya don amsa ta.

Iskar zenon, wata iska ce mai tsada da ke toshe ƙofar da gulutamet ke bi, an shaƙa wa jarirai ita a Ingila na awa 24 a gwajin da ya ƙunshi yara 92, aka wallafa a 2016, hoton ƙwaƙwalwa bai nuna bambanci ba. Melatonin, wanda mutane suka sani a matsayin maganin barci, ƙananan bincike irin wanda aka yi a Masar a 2015 sun nuna alamar alheri, amma yaran da aka gwada 'yan kaɗan ne, ba a kai ga cewa a riƙa bayarwa ba. Alofurinol na ciwon gaɓoɓi an shirya masa babban gwaji a Turai, shi ma bai shiga cikin maganin da ake bayarwa yau da kullum ba. Ana kuma gwada ƙwayoyin halitta na jinin cibiya, duk suna matakin bincike.

Manya ma labarin ɗaya ne. Tun a 1986 aka gwada tayofental, maganin sa barci na tiyata, a kan waɗanda zuciyarsu ta tsaya, da tunanin in aka kwantar da ƙwaƙwalwa za ta rage cin iska, bai yi ba. Aka gwada magungunan toshe kalsiyam irin su nimodifin wajen 1990, ba su yi ba. EPO ma an gwada shi a Faransa aka wallafa a 2016, bai taimaka ba sai ma gudajin jini da ya ƙara. A 2006 wasu masu bincike sun zauna sun ƙirga magungunan da aka gwada a ɗakin bincike don kare ƙwaƙwalwa daga shanyewar ɓarin jiki, wanda shi ma rashin jini da iska ne a wani sashe na ƙwaƙwalwa, suka samu 1,026, kuma cikin masu kare ƙwayoyin kai tsaye ba wanda ya tsallake ya zama magani tabbatacce a mutane.

Me ya sa abin da ke aiki a ɓera yake faɗuwa a mutum? A ɗakin bincike an san daƙiƙar da aka toshe jini, an san daƙiƙar da aka buɗe, maganin yana cikin sirinji ana jira, ɓerayen kuma duk matasa ne lafiyayyu iri ɗaya. A asibiti ba wanda ya san lokacin da cibiya ta matse ko lokacin da mutum ya faɗi a banɗaki. Sannan ƙwaƙwalwa tana da wata katanga tsakaninta da jini da ke hana yawancin magunguna shiga, ga jinin da zai kai maganin ma shi ne bai gudana sosai a inda ya fi lalacewa. Babban dalilin a ganina shi ne hanyoyin ɓarnar suna da yawa, gulutamet da kalsiyam da gubar oksijin da kumburi duk a tare, magani ɗaya hanya ɗaya yake tarewa sauran su wuce, wataƙila shi ya sa sanyi ya fi su, don shi yana rage gudun komai ne gaba ɗaya.

Yanzu bari mu zo kan waɗanda ke aiki, don a nan ne ya kamata kuɗi da hankali su tafi. Na farko maganin jijjiga. Jijjigar jariri ba irin ta babba ba ce da kowa zai gani, wani lokacin sai dai ka ga yana ta tsotsar leɓe ba nono a bakinsa, ko idonsa ya kafe gefe guda, ko ƙafafunsa suna juyawa kamar mai tuƙa keke, ko numfashi ya ɗauke ya yi shuɗi ya dawo, wasu ma ba a ganin komai sai na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa ce take nunawa. Kowace jijjiga tana ƙona ƙarfin da ƙwayoyin ba su da shi. Maganin farko har gobe shi ne finobabiton, tsohon magani mai araha da ya haura shekara 100 ana amfani da shi. An yi zaton sabon magani lebetirasitam zai ture shi, sai gwajin da aka wallafa a 2020 ya nuna finobabiton ya tsayar da jijjiga a kashi 80 cikin 100 na jarirai, sabon kuwa kashi 28. Abin da ke min ciwo shi ne allurar nan mai araha ita ce ake yawan nema a rasa, uba yana yawo kemis-kemis cikin dare.

Na biyu suga. Jaririn da ya sha wahala ya ƙone ajiyar sugansa, in suga ya faɗi a kan rashin iska ɓarnar ninkuwa take yi, shi ya sa za ku ga nas tana ta huda masa dunduniya tana aunawa ana ƙara masa ruwa mai suga, kada ku ce ana wahalar da shi. Na uku hana zazzaɓi, ko inda ba a sanyayawa dole a kiyaye kada jikinsa ya yi zafi, don zafi yana hanzarta mutuwar ƙwayoyin, saboda haka naɗe shi cikin barguna uku kusa da garwashi ba gata ba ne. Sai magungunan riƙe bugun jini in ya faɗi, sai maganin kashe ƙwayoyin cuta in ana zargin su, sai aminofilin da bincike ya nuna allura ɗaya tana rage lalacewar ƙoda a irin waɗannan jariran, don rashin iska ba ƙwaƙwalwa kaɗai yake taɓawa ba, ƙoda da hanta da zuciya da hanji duk suna ji a jikinsu. Su kuma desametason da manitol da wasu ke bayarwa wai don rage kumburin ƙwaƙwalwar jariri, ba a samu hujjar suna gyara sakamako ba.

Shi kansa oksijin magani ne mai ƙa'ida. A da ana ganin a buɗe tukunyar oksijin gaba ɗaya shi ne daidai, sai binciken Ola Saugstad na Norwe da Siddarth Ramji na Indiya ya nuna jariran da aka farfaɗo da iskar ɗaki ta yau da kullum sun fi tsira a kan waɗanda aka fara wa da zallar oksijin, kuma daga 2010 ƙa'idar duniya ta koma a fara da iskar ɗaki ga jaririn da watanninsa suka cika, a ƙara oksijin in an ga buƙata. Wannan albishir ne gare mu, don ma'anarsa abin da ke ceton ƙwaƙwalwar jariri a mintin farko ba ya buƙatar wuta ko tukunya. A goge shi da tsumma mai tsabta, a shafa bayansa, in bai yi numfashi ba a kwantar da shi a daidaita wuyansa, a kifa masa abin rufe baki da hanci a riƙa matsa jakar ambu kamar sau 40 a minti ana kallon ƙirjinsa yana ɗagawa, duk wannan kafin minti ɗaya ya cika. Kusan jariri ɗaya cikin 10 yana buƙatar a taimaka masa ya fara numfashi, waɗanda ke kaiwa ga allura ba su kai ɗaya cikin 100 ba. Da aka koya wa ungozomomi wannan a wasu asibitocin Tanzaniya, rahoton 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Ba EPO ba zenon da ya taɓa kusantar wannan. Watsa ruwan sanyi da riƙe yaro ta ƙafa a kife ana marinsa cinye mintin kawai suke yi.

A babba da zuciyarsa ta tsaya, allurar adirenalin tana tayar da zuciya amma ba ta kare ƙwaƙwalwa. Gwajin da aka yi a Birtaniya kan mutum 8,014 aka wallafa a 2018 ya nuna kashi 3.2 sun rayu da ita, kashi 2.4 ba tare da ita ba, amma yawan waɗanda suka tashi da lafiyayyar ƙwaƙwalwa kusan ɗaya ne. Sanyaya manya da aka rungume tun 2002 shi ma ya ja baya, gwajin TTM2 na 2021 mai mutum kusan 1,900 bai ga bambanci tsakanin sanyayawa zuwa digiri 33 da hana zazzaɓi kawai ba. Abin da ke raba wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba shi ne ko na kusa da shi ya durƙusa ya fara danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, maimakon a tsaya ana yayyafa ruwa ana fifita.

Hayaƙin janareta da na gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, shi nasa daban ne, kuma shi ne inda oksijin yake zama magani na gaske. Gubar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu. In aka bar mutum da iskar waje kawai sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya fita, da zallar oksijin ta abin rufe fuska awa ɗaya da 'yan mintuna ne, a ɗakin matsa iska na musamman kuwa bai kai rabin awa ba. Abubuwa biyu nake so a riƙe. Ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin yana iya nuna kashi 98 alhali jinin cike yake da guba, don ba ya bambance su. Sannan wanda ya farfaɗo aka sallame shi zai iya dawowa bayan kwanaki ko makonni da mantuwa da ruɗewa da canjin hali, dangi su ce iska ce ta shafe shi, alhali gubar ce take biyo bashi. Madara da manja da ake ɗura wa wanda ya sume ba sa fitar da komai, shaƙe shi za su yi.

Bayan an wuce kwanakin farko kuma magani ya koma na lallaɓa abin da ya rage. Mai farfaɗiya a ba shi maganin farfaɗiya kullum ba fashi. Wanda gaɓoɓinsa suka sandare akwai baklofen, akwai allurar botulinum da ake yi wa tsokar da ta ɗaure. Akwai wata zabura da ke kama wasu bayan sun farfaɗo, da sun miƙa hannu za su ɗauki kofi sai hannun ya fizge, likitoci biyu Lance da Adams suka bayyana ta a 1963, ita tana jin kulonazefam da balfurowet da lebetirasitam, firasitam ma a nan yana da gurbi.

Akwai labarin da ke yawo a intanet na maganin barci da ke tayar da wanda ya daɗe a sume, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Zolfidem ne. A 1999 a Afirka ta Kudu aka ba wani matashi da mota ta buge shekaru kafin nan don ya samu barci, sai ya yi magana. A 2020 likitoci a Holan suka ba da rahoton wani mutum da nama ya shaƙe shi ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska, shekara 8 ba ya magana ba ya motsi da kansa, da aka ba shi sai ya yi magana har ya taka da taimako, amma na ɗan lokaci ne ya koma, kuma in aka jera kwanaki ana ba shi tasirin sai ya dushe. Wani bincike a Amurka kan mutum 84 ya samu kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suke amsawa. Maganin bai ƙera sabbin ƙwayoyi ba, ya dai sassauta wani birki ne da ya danne ƙwayoyin da ke raye. Amantadin kuma, gwajin 2012 mai mutum 184 ya nuna yana hanzarta farfaɗowa, amma a waɗanda suka bugu a kai aka yi shi, ba masu rashin iska ba, likitoci suna aro shi ne kawai. Duka biyun ba abin saye a kemis a gwada a gida ba ne.

Inda raina ke ɓaci shi ne kasuwar "maganin ƙwaƙwalwa". Uwa tana goye da yaro ɗan shekara biyu wuyansa bai tsaya ba, a rubuta mata sirof na firitinol ko firasitam ko sitikolin, wata bayan wata tana saye, wani lokacin da kuɗin akuyar da ta sayar. Babu wani babban gwaji da ya nuna ɗayansu yana gyara ƙwaƙwalwar yaron da ya rasa iska wajen haihuwa. Sitikolin an gwada shi a manya har sau biyu a 2012, mutum 2,298 masu shanyewar ɓarin jiki da mutum 1,213 da suka bugu a kai, duka bai fi maganin bogi ba. Allurar Cerebrolysin da ake kawowa da tsada, daga ƙwaƙwalwar alade ake tace ta, abin da ya kamata a faɗa wa iyali kafin su biya, kuma masu tace bincike na Cochrane ba su ga tana rage mutuwa a shanyewar ɓarin jiki ba. In yaro ya ɗan samu ci gaba yana shan sirof sai a ce sirof ne, alhali ƙwaƙwalwar yaro da ma tana da baiwar da Allah ya yi mata ta buɗe sabbin hanyoyi, sashen da ya tsira ya koyi aikin wanda ya mutu. Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne gashi a wajen masu gashin ƙashi tun da wuri, da motsa gaɓoɓi a gida kullum, da yi wa yaro magana da wasa da shi, da abinci mai gina jiki don da yawansu haɗiya tana ba su wahala suna ramewa. Kuɗin sirof ɗin da na mota zuwa gashi aka mayar da shi da ya fi. Kuma yaron nan ba ɗan ruwa ba ne, ba laifin uwarsa ba ne, iska ce ta yanke masa na wasu mintuna.

Kada kuma a yanke ƙauna da wuri. Tun 1976 likitoci ke raba taɓuwar ƙwaƙwalwar jarirai mataki uku. Masu mataki na farko, waɗanda ke yawan zabura da kuka amma suna kama nono cikin kwana ɗaya ko biyu, yawancinsu suna tashi lafiya, sai dai a riƙa bibiyar karatunsu. Masu na tsakiya wasu su warke wasu su samu naƙasa. Masu na uku ne abin ya fi tsanani. A manya ma ƙa'ida ita ce a jira aƙalla awa 72, maganin barci ya fita daga jiki, kafin a ce ga inda aka dosa.

Akwai wani magani da aka tabbatar yana kare ƙwaƙwalwar jariri, amma uwa ake yi wa shi kafin ta haihu. Magniziyam salfet ne, allurar nan da ake yi wa mai ciki in hawan jini ya kai ta ga jijjiga. In mace za ta haifi bakwaini kafin mako 32 aka yi mata ita, haɗarin shanyewar gaɓoɓi a yaron yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, a lissafin Cochrane na 2009 cikin mata 63 da aka yi wa ana kuɓutar da yaro ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan a 2015. Akwai kuma maganin da ke jawo matsalar da kansa: allurar naƙuda ta oksitosin da ƙwayar misofurostol in aka ba mace a gida ko a kemis don a hanzarta haihuwa, ko jiƙe-jiƙen da ke sa mahaifa ta ɗaure ba sassautawa. Jariri a tsakanin naƙuda da naƙuda yake samun jini, in mahaifa ta matse ba hutu iskarsa ta yanke kenan tun yana ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba, kuma Najeriya ce ta biyu bayan Indiya a yawan jariran da ke rasuwa a watan farko. In naƙuda ta haura awa 12, ko ruwa ya fashe ya fito kore, ko jini ya ɓalle, ko motsin yaro ya ragu, maigida ya nemo mota a lokacin, in kuma likita ya ce sai an yi aiki a sa hannu a takardar nan take, kada a tsaya jiran sai an kira wane da wane an yi shawara.